Kwana 44 a ɗakin mata: yadda muka yarda aka yi wa Hajiya jinyar lantarki

Mahaifinmu ya rasu da damina, Hajiya ta shiga takaba ta yi wata huɗu da kwana goma, kuma duk cikinmu babu wanda ya ga abin tsoro a shirun da take yi. Matar da ta shekara 39 da miji, in ta rage magana ai ba abin mamaki ba ne. Sai da ta fita takaba, 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, muka lura abin gaba yake yi. Ƙarfe 3 na dare za ka iske ta zaune a bakin gado, ba salla take ba, ba kuka take ba. Tuwo ya koma loma biyu, daga baya loma ɗaya. Zannuwanta suka yi mata yawa. Daga nan ta fara wasu maganganu: wai ita ta kashe Malam da sakacinta, wai sallarta ba ta karɓuwa, wai hanjinta ya ruɓe, abinci ba shi da wurin zama a cikinta. Ni ce 'yar fari, don haka ni na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa na dawo gida.

Mun bi hanyar da kowa ke bi. An yi ruƙya, an sha rubutu, an turara habbatus sauda, an yi saukar Alƙur'ani. Ban raina ko ɗaya ba, har gobe ina yi mata tofi. Amma wata biyu muka ɓata muna jiran aljani ya yi magana, bai yi ba. A babban asibitin garinmu an auna zazzaɓin cizon sauro, an auna taifot, an auna suga, an ce jininta ya ɗan hau. Wani matashin likita ne ya ajiye biro ya tambaye ta, “Hajiya, kina jin gara ki mutu ki huta?” Ta ɗaga kai a hankali ta ce, “Ai na riga na mutu.” Nan take ya rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati, tafiyar awa biyu da rabi daga gida. Ku riƙe wannan takardar da kyau in an ba ku, don ita ta rage mana rabin bayani a can.

Mun isa ƙarfe 8 saura, muka tarar da layi ya riga mu. Yankar kati da buɗe fayil sun ci mu kusan awa biyu, saboda wurin biyan kuɗi daban, wurin karɓar kati daban, kuma babu wanda zai gaya maka sai ka tambaya. Likita ya gan mu bayan azahar. Na zaci minti goma ne kamar yadda aka saba, sai ga shi mun haura awa ɗaya: yaushe abin ya fara, ko akwai mai irinsa a dangi, ko ta taɓa yin lokacin da ta cika surutu da kashe kuɗi da rashin barci, wane magani take sha, ko ta taɓa yunƙurin cutar da kanta. Ya ce sunan ciwon tsananin damuwa, irin wanda ke zuwa da ruɗani, kuma da yake ta daina ci da sha sai an kwantar da ita. Aka ce dole mace ɗaya ta zauna da ita. Na shimfiɗa tabarma a gefen gadonta, ban san zan yi kwana 44 a kanta ba.

Aka fara ta da ƙwayoyi biyu, ɗaya na damuwar, ɗaya na ruɗanin, da wata ƙaramar ta barci da dare. Tun ranar farko suka gaya mini cewa maganin damuwa ba ya aiki kamar farasitamol, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga haske. Matsalar ita ce Hajiya ba ta da mako shida. Tana ɓoye ƙwayar a kumatu ta tofar a gefen zani. Ruwa ma sai a cokali, shi ma ta datse haƙora. A kwana na 10 aka sa mata robar abinci ta hanci, ana ɗura kunu da madara ta sirinji. Sau biyu tana fizge ta. Fitsarinta ya koma ja kamar shayi, aka ɗaura ƙarin ruwa. Tana kwance ido buɗe, ƙuda ya sauka a leɓenta ba ta kora.

A zagayen babban likita na mako na uku aka fara ambaton abin. Wata dattijuwar likita ce mai farin gilashi, ta duba takardar abin da Hajiya ta ci da wanda ta sha, ta juyo ta ce mini, “Malama, ina so ku yi shawara a gida kan ECT.” Ban gane ba. Wata majinyaciya da ke gadon kusa ta raɗa mini, “Shokin za su yi mata, jona wuta a ka.” Jikina ya yi sanyi. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne wayar wutar da ta taɓa jan ɗan maƙwabcinmu ta yar da shi. Na ce wa likita ba zan iya yanke wannan ni kaɗai ba. Ta ce ba ta so ma in yanke a tsaye, in kira manya, ranar Alhamis za ta zauna da mu.

Daren nan waya ta yi zafi. Ƙanena da ke bina ya ce a yi duk abin da likita ta ce. Gwaggo ta ce a dawo da ita gida, in mutuwa ce ta mutu a ɗakinta da mutuncinta. Kawu, yayan Hajiya, wanda shi ne uba a gare mu yanzu, ya ce muddin yana numfashi ba za a jona wa ƙanwarsa wuta ba. Na so in ji haushinsa, sai da ya ba ni labari. Yana saurayi ya raka wani abokinsa asibiti, ya leƙa ta taga ya ga ƙarti huɗu sun danne shi idonsa biyu, an cusa masa abu a baki, jikinsa ya sanƙare yana jijjiga har gadon na ƙara. Ya ce har yau in ya tuna sai tsigar jikinsa ta tashi. Abin da Kawu ya gani gaskiya ne, haka ake yi a da, kuma na fahimci cewa in ba a amsa masa wannan ba, babu sa hannun da za a samu.

Ranar Alhamis muka shiga ofishinta mu uku, ni da Kawu da ƙanena. Na zo da tambayoyina a rubuce a bayan littafin darasi. Ta fara da tarihi a taƙaice: wasu likitoci biyu 'yan Italiya, Ugo Cerletti da Lucio Bini, su suka fara shi a birnin Rum a 1938, bayan an lura cewa farfaɗiya kan sassauta wasu cututtukan ƙwaƙwalwa. Wato wutar ba ita ce maganin ba, ɗan gajeren farfaɗiyar da take tayarwa a ƙwaƙwalwa shi ake nema. Kawu ya katse ta da labarin abokinsa. Ba ta musa ba. Ta ce, “Alhaji, abin da ka gani shi ne tsohon yayi, wanda ake yi ba allurar barci. Yana iya karya ƙashin baya, ya goce muƙamuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina shi. An daɗe ana yin sa a ƙasar nan saboda ƙarancin likitocin sa barci, don haka tambayarka tana kan hanya.” Sannan ta zayyana yadda nasu yake: a sa mutum barci kamar za a yi ƙaramar tiyata, a yi masa allurar da ke saki tsokar jiki gaba ɗaya, a ba shi iskar oksijin, a sa roba tsakanin haƙora, sannan a saki wutar na daƙiƙoƙi kaɗan. Farfaɗiyar ba ta cika kai minti ɗaya ba, kuma abin da ido zai gani bai wuce motsin yatsun ƙafa da ɗan yamutsa fuska ba. Ana yi sau biyu ko uku a mako, galibi zama 6 zuwa 12.

Na tambaye ta abin da za mu biya da shi, ban da kuɗi. Ta ce ciwon kai, ciwon muƙamuƙi da jiki, tashin zuciya, da rikicewa na ɗan lokaci bayan an farka. Babban shi ne mantuwa. Sabon abu zai riƙa zille mata a makonnin jinyar, wannan yakan warware bayan an gama. Amma abubuwan da suka faru a watannin da ke kusa da jinyar, wasu kan tafi ba su dawo ba, kuma akwai waɗanda giɓin nasu ya fi haka faɗi. Mutuwa kuwa, ta ce kusan 2 ne cikin zama 100,000, daidai da haɗarin kowace gajeriyar allurar barci, kuma masu ciwon zuciya su aka fi sa wa ido, saboda jini kan hau bugun zuciya ya sauya na ɗan lokaci yayin da ake yi. Ta ƙara da wani abu da ban tambaya ba: jinyar tana fitar da mutum daga rami da sauri, amma ba ta rufe ramin. In ba a ci gaba da magani bayanta ba, da yawa suna komawa cikin watanni shida. Na ce to in muka ƙi fa? Ta ce za su ci gaba da ƙwaya da robar hanci, su canja magani in wannan bai yi ba, kuma mai yiwuwa ta samu sauƙi. Sai dai kowane mako a kwance yana zuwa da nasa: ƙoda, gyambon kwanciya, gudan jini a ƙafa, kunu ya sarƙe ta ya shiga huhu. Ta ce irin ciwon Hajiya, mai ruɗani da ƙin abinci a mutum mai shekaru, yana cikin waɗanda suka fi amsa wannan jinya.

Kawu bai ce komai ba. Ya nemi a kai shi ya ga ɗakin da ake yi, aka kai shi. Ya ga tukunyar oksijin, ya ga na'urar da ba ta fi ƙaramar rediyo mai kaset girma ba. Ya ce zai yi istihara. Bayan kwana biyu ya kira ni da asuba ya ce, “Ki gaya musu na yarda, amma da sharaɗi: ranar da babu mai sa barci, kada a taɓa ta.” Batun sa hannu ma ya ɗauki lokaci. A ƙa'ida majinyaci ne ke ba da yardarsa, kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci na a yi masa bayani a nemi amincewarsa. An yi wa Hajiya bayanin da Hausa sau biyu. Amsarta ɗaya ce, wai kada a ɓata wuta a kan gawa. Wani likita na daban ya zo ya gwada ta, ya rubuta cewa ba ta cikin halin yanke hukunci, sannan Kawu ya sa hannu ni na zama shaida. Aka gaya mana muna iya janyewa a kowane zama, kuma da zarar ta dawo hayyacinta ita za a riƙa tambaya. Wannan sa hannun ya fi komai yi mini nauyi. Har yanzu nakan tuna cewa mun yanke wa uwa hukunci a kan ƙwaƙwalwarta tana kallonmu.

Gwaje-gwajen sun ci kwana uku: gwajin zuciya, hoton ƙirji, gwajin jini na ƙoda da gishirin jiki da yawan jini. Gishirin potasiyam ɗinta ya yi ƙasa saboda rashin ci, sai da aka gyara. Aka daidaita hawan jinin. Likitan sa barci ya zo ya buɗe bakinta, ya girgiza haƙorin Makkanta da yatsa ya ga ko yana rawa, ya tambaya ko wani a danginmu ya taɓa samun matsala da allurar barci. Aka dakatar da ƙaramar ƙwayar barcin nan ta dare, don irinta kan danne farfaɗiyar da ake nema. Aka ba ni jerin abin da zan sayo: allurar barci, allurar sakin tsoka da suke kira sukolin, kanula, sirinji, ledar ruwa, safar hannu. Wasu babu a kantin maganin asibitin, sai da na hau adaidaita na shiga gari. Sista ta ce in tsefe mata kitson gefe, in wanke kan, kada in shafa mai ko kaɗan.

Ranar farko ba a yi ba, kuma laifin namu ne. An ce daga ƙarfe 12 na dare kada komai ya shiga cikinta. Na fita alwala da asuba, wata baiwar Allah da ke jinyar 'yarta ta ga leɓen Hajiya ya bushe, ta ɗura mata koko ta robar don tausayi. Likitan sa barci da ya ji ya ce a koma, don mai abinci a ciki yana iya amai ya shaƙe. Na yi kuka a bayan ɗaki kamar yarinya. Zama na huɗu ma an ɗaga shi, wannan karon likitan sa barcin ne aka riƙe a wata tiyata a wani asibiti. Muka yi zaman jira da azumin dole har ƙarfe 1 kafin a ce mu koma. Na ji zafi, amma na tuna sharaɗin Kawu, na gode Allah da ba su ce bari a yi haka nan ba.

Ranar da aka yi na farkon, an tura ta a keke ƙarfe 9. An bar ni na tsaya har aka sa allurar, wani farin ruwa kamar madara, na ga idonta ya rufe kafin in gama karanta Fatiha. Sannan aka ce in fita. Na zauna a benci ina kasa kunne ko zan ji ihu. Ban ji komai ba sai ƙarar fanka da wani ɗan “ɗit ɗit” na na'ura. Ban gama jan carbi zagaye uku ba aka leƙo aka ce in shigo ɗakin farfaɗowa. Tana kwance a gefe ɗaya, da abin oksijin a fuska, da ɗan danshi a gefen goshinta biyu inda aka ɗora abin. Babu ƙuna, babu jini.

Da ta buɗe ido ta dube ni, sai ta kira sunana. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da nake nufi. Ni 'yar fari ce, tun da aka haife ni Hajiya ba ta taɓa faɗin sunana ba, daga “ke” sai “waccan”. Ta kira shi sarai, sannan ta ce, “Malam ya dawo daga masallaci?” Na rasa ta cewa. Nas ɗin ta taɓa ni ta ce kada in yi gardama da ita, in bari rikicewar ta wuce. Kafin azahar ta wuce, ta tuna da kanta, ta juya fuska bango. Sau uku hakan ta faru a zama daban-daban, kuma babu wanda ya shirya ni don wannan. Shi ya sa nake rubuta shi.

Zama na ɗaya da na biyu ban ga komai ba sai ciwon kai, wanda farasitamol ke kwantarwa. Gwaggo ta bugo ta ce ai dama ta faɗa. Washegarin zama na uku ina ninke tabarma na ji an ce, “Ba ni ruwa.” Ta karɓi kofin da hannunta. Bayan na huɗu aka cire robar hanci. Bayan na biyar ta ce furar asibitin nan ba fura ba ce, gari ne aka dama, a aiko mata da ta gida. Maganar ruɓewar hanji ta bi ruwa, da na tuna mata ma kallona ta yi kamar ni ce marar lafiyar. A nan ne likita ta zauna da ita, ta sake yi mata bayani tun daga farko, Hajiya ta dangwala yatsa da kanta a kan sauran zaman.

Mantuwar kuwa ta zo kamar yadda aka faɗa. Takan tambaye ni sau huɗu ko ta yi la'asar. Ta manta sunan nas ɗin da ke mata wanka kullum. Na kai ƙorafi, kuma a nan na koyi cewa ƙorafin yana da amfani: an fara mata ne da gefe biyu na kai don a samu sauri, da ta fara ci sai aka koma gefen dama kaɗai, wanda ya fi sauƙi ga tunani. Aka tsaya a zama 8. Mantuwar yau da kullum ta washe cikin wata biyu. Amma sunan jikarta da aka yi ana saura wata guda Malam ya rasu, wanda ita ta dafa waina da hannunta, ya tafi. Mun nuna mata hotuna a waya, ta ga kanta, ta ce to, tun da ga ni nan, na je. Zaman asibitin ma kaɗan take tunawa, wannan kam ban yi baƙin ciki ba.

Kuɗi sun tafi ta ƙofofi da yawa: gado, abinci, gwaji, allurai, kuɗin kowane zama, da motar masu zuwa dubiya. Mun sayar da tumakinta biyu, 'yan'uwa suka yi karo-karo. Abin da ya fi cin kuɗi a ɓoye shi ne sayen kayan aiki ɗaiɗai a waje, da na sani da tun farko na nemi jerin na zama takwas na saya a sari. Ku je ofishin walwalar majinyata tun makon farko, ni sai a mako na biyar na san da shi. An sallame mu da ƙwayoyi da ranar dawowa bayan mako biyu. Wata uku da komawa gida Gwaggo ta ce ai ta warke, ƙwaya kullum tana kashe ƙoda, Hajiya ta daina sha a ɓoye. Cikin mako uku barcin ya fara gudu, tuwo ya fara saura a kwano. Muka ruga asibiti, aka mayar da ita kan magani, Allah ya taimaka ba a kai ga sake kwanciya ba. Yanzu ƙanwata ce ke ba ta da hannu kowane dare.

Wanda aka kawo masa wannan shawara, tambayar farko ita ce ko da allurar barci da ta sakin tsoka za a yi, kuma wa zai tsaya a kan numfashin majinyaci. In aka yi inda-inda a nan, a nemi wani asibitin. Sai a tambayi me ya sa yanzu, me aka gwada, me zai faru in an jira, don ba kowace damuwa ke bukatarsa ba. Akwai wata mata a ɗakinmu da ta ƙi, tana ci tana sha tana magana, aka canja mata ƙwaya, ta tashi lafiya bayan makonni, kuma a ganina ta yi daidai. Akwai kuma wata da aka yi mata zama goma sauƙin bai taka kara ya karya ba. A tambayi gefe ɗaya ne ko biyu. A riƙe littafi ana rubuta abin da aka gani bayan kowane zama, a faɗa wa likita. A rubuta wa majinyacin lambobin sirri na banki da waya, da bashin da yake bi da wanda ake binsa, tun kafin a fara. Mu ba mu yi ba, har yau ana ja-in-ja da wata maƙwabciya kan zubin adashi. Kuma dattijon da ya ƙi, kada a zagaye shi, a kawo shi gaban likita ya yi tambayarsa da bakinsa.

Da ƙaramar salla na je gida. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, tana faɗa da jikoki kan sun zubar mata da gero. Ina cire takalmi na ji ta ce wa ƙanwata, “Ce wa waccan ta zo ta kama mini rariyar nan.”